Gwanayen Karanta Faranti

"Jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini komai, a ba ni wanda ya fi shi ƙarfi." Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kantin mai kemis a Rurum, ko cikin garin Rano, ko Kibiya, ya ji wannan magana daga bakin mai ciwon sanyi ko mai zazzaɓin da ya ƙi sauka. Gaskiya ne maganin ya daina ci. Sai dai jikin mai maganar bai saba da komai ba, ƙwayar cutar da ke cikinsa ce ta samu hanyar tsira. Akwai kuma mutanen da sana'arsu ke nan: su kamo wannan ƙwaya daga fitsari ko jini ko mugunyar gyambo, su shuka ta a faranti, su jera mata magunguna, su ga wanda ke kashe ta da wanda ta raina. 'Yan leb muke ce musu. Marar lafiya ba ya ganinsu sai ta taga lokacin miƙa kwalba, in ya warke kuma godiyarsa wurin likita take tafiya. Ni dai a ganina, a cikin asibiti da wuya a sami aikin da ya haɗa ilimi da sanyin hannu da riƙon amana kamar nasu.

Kafin a gane gwanintarsu sai an san abokiyar karawarsu. Bakteriya tana da dabaru da dama na kauce wa magani. Wata takan fitar da sinadarin da ke karya maganin tun bai taɓa ta ba. Wata takan sauya siffar wurin da maganin ke kamawa a jikinta. Wata kuma, wadda ta fi ba ni mamaki, barin maganin take yi ya shigo, sannan ta turo shi waje. Masuncin da ke kan ruwan Tiga da kwale-kwale mai tsagi ya san wannan lissafi: ruwa na shigowa ta tsagin, shi kuma yana kwalfewa da ƙoƙo, kuma muddin hannunsa ya fi tsagin sauri jirgin ba zai nutse ba. Magani ba ya kashe ƙwayar cuta sai ya taru a cikinta ya kai wani adadi. Idan tana fitar da shi fiye da yadda yake shiga, za ta rayu ta hayayyafa alhali marar lafiya yana ta haɗiyar kafso safe da yamma. Abin da take fitar da maganin da shi wani ɗan furotin ne da ke dashe a tantanin da ya lulluɓe ta. Masana suna kiransa famfo.

A 1980 ne Stuart Levy da abokiyar aikinsa Laura McMurry, a Jami'ar Tufts da ke Boston a Amurka, suka nuna cewa ƙwayar E. coli mai bijire wa tetirasaikilin, wato kafson nan ja da rawaya da kowa ya sani, ƙarfinta take kashewa wajen turo maganin waje. Kafin nan an ɗauka shiga ce kawai maganin ba ya iya yi. Wancan famfo magani ɗaya ya sani. Babban tashin hankalin ya zo a farkon shekarun 1990, lokacin da Hiroshi Nikaido a Berkeley da Keith Poole a Kanada suka bayyana famfunan da ba sa zaɓe. Wanda aka fi sani shi ne AcrAB-TolC na E. coli. Shi wannan yana kwashe tetirasaikilin, da kuloramfenikol, da siprofuloksasin da muke kira Cipro, da eritiromaisin, da wasu dangin fenisilin, har da rini da sabulu, duk da cewa waɗannan abubuwa ba su yi kama da juna ba ko kusa. Gaɓoɓinsa uku ne, domin E. coli tantani biyu gare ta. AcrB yana zaune a tantanin ciki, shi ke cafke maganin. TolC dogon bututu ne da ya ratsa tantanin waje. AcrA ke haɗa su. Masu bincike a Kambirij sun fitar da siffar bututun a 2000, a 2006 kuma wasu a Japan da Siwizalan suka nuna cewa AcrB ɗakuna uku ne masu aiki bi da bi: ɗaya na karɓa, ɗaya na riƙewa, ɗaya na tofarwa, sannan su yi musaya.

Ba don maganinmu aka halicci wannan famfo ba. E. coli a hanjin mutum da na saniya take zaune, inda ruwan maɗaciya ke kwarara, shi kuwa narkar da tantanin ƙwaya yake yi. Da famfon take kare kanta tun kafin a san wani abu wai shi asibiti. Abin da maganinmu ya yi shi ne ya zaɓi ƙwayoyin da famfonsu ke buɗe dare da rana ya bar su da rai, ya kashe sauran.

To, a ce ga wata dattijuwa daga Rurum mai fama da zafin fitsari wata da watanni, ta sha Septrin, ta sha Ampiclox, ta sha Cipro, abin ya ɗan lafa ya dawo. Likita ya rubuta a shuka fitsarinta, a ɗakin gwaji mai kayan aikin, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. Gwaninta tana farawa tun daga taga. Ma'aikaciya za ta tambayi yaushe aka yi fitsarin, domin E. coli in ta sami yadda take so kowane minti 20 ninka kanta take yi. Fitsarin da ya yi awa huɗu a cikin mota da zafin rana yana iya nuna cutar da babu ita. Shi ya sa ake so ya isa kan tebur cikin awa biyu ko a sa shi a sanyi, kuma a tari na tsakiya, a bar na farko ya zube.

Sai ta ɗauko 'yar waya mai zobe a baki, ta ƙona ta a wuta har ta yi ja, ta jira ta huce. Zoben ɗigo ɗaya yake ɗauka, kashi ɗaya cikin 1,000 na mililita. Ta ja shi a kan faranti mai daskararren abinci da ake kira aga, wanda ake samu daga ciyawar teku. Hannun a nan sai ka gani: ta zana layi ɗaya tsakiya, sannan ta yi ta gittawa da sauri daga sama zuwa ƙasa, wayar tana shafar fuskar agar ba tare da ta yage ta ba, murfin farantin yana ɗaya hannun a karkace don kada ƙurar ɗaki ta faɗa. Sabon shiga yakan huda agar ko ya tara ƙwayoyin wuri ɗaya su cakuɗe. Gwana takan baje su har kowace ƙwaya ta zauna ita kaɗai, domin gobe kowace ɗaya za ta zama ɗigon da ido ke gani. Ɗigo 100 a farantin na nufin ƙwaya 100,000 a kowace mililita ta fitsari, adadin da ke nuna cuta ce ta gaske.

Ɗaya daga cikin farantan da ake yawan amfani da su sunan wani likitan Ingila yake ɗauke da shi, Alfred MacConkey, wanda ya haɗa shi wajajen 1900. A cikinsa akwai gishirin maɗaciya, a na zamani kuma har da wani rini shunayya. An zuba su ne don su hana sauran ƙwayoyi tsirowa su bar na hanji. Me ya sa na hanji ke tsira? Famfon nan ne. An gwada an cire wa E. coli bututun TolC, sai ta kasa tsirowa a wannan faranti. Ashe tun wajen shekaru 90 kafin a san da famfon, masu gwaji da shi suke tace ƙwayoyi kowace safiya. Wannan abu yana burge ni ƙwarai, domin ya nuna yadda hannu da lura kan riga bayani isa wuri.

Washegari ta ciro farantin daga akwatin ɗumi ta ɗaga shi wajen haske. Ɗigo ruwan hoda, busasshe, E. coli ke nan. Mai yauƙi da ƙyalli, wanda in an taɓa shi da waya yake jawo zare, Klebsiella ce ake zargi. Pseudomonas takan yi kore a wasu farantai, tana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da wanda ya daɗe a aikin ke ganewa da an buɗe murfi. Za ta tabbatar da zarginta da wasu gwaje-gwaje, ciki har da rinin da Hans Christian Gram ɗan Denmak ya ƙirƙiro a 1884, inda ake rina ƙwayar a kan gilashi, a wanke, a sake rinawa, a duba a madubin ƙara girma a ga wadda ta riƙe shunayya da wadda ta sake shi ta koma ja. Mutumin ƙasar Rano, da tarihi ya san ta da baba da marina, ba zai yi mamakin jin cewa daƙiƙa kaɗan a wajen wankewa ke raba aiki mai kyau da ɓatacce ba. Idan kuwa ta ga iri uku ko huɗu sun tsiro a cakuɗe, ba za ta rubuta komai ba. Za ka ji ta ta taga tana cewa, "Inna, a yi haƙuri a sake kawo wani, wannan ya gauraya da dattin waje." Dattijuwar da ta biya kuɗin mota ba za ta ji daɗi ba, amma da a ba ta sakamakon ƙarya gara a ba ta haƙuri.

Rana ta biyu ce ranar jera magunguna, bisa hanyar da William Kirby da Alfred Bauer suka daidaita a Seattle a 1966. A nan kowane abu da ma'auninsa. Kaurin agar milimita 4 ne. Za ta ɗebo ɗigo uku ko huɗu masu kama ɗaya ta dama a ruwan gishiri, ta riƙe kwalbar kusa da wata kwalbar ma'auni a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka, ta dubi yadda layukan ke dusashewa ta cikin kowace. Sai gurɓacewar ruwan biyu ta zo ɗaya, wato kimanin ƙwaya miliyan 150 a mililita. Da ido ake wannan a ɗakunan gwaji da yawa, kuma idon da ya ƙware ba ya yin nisa da na'ura. Ta tsoma tsinken auduga, ta matse shi a jikin kwalbar, ta shafe farantin kaf, ta juya shi ta sake shafewa, ta kuma juyawa, har sau uku, don ƙwayar ta tsiro bai ɗaya ba gibi. Sannan ta ɗora 'yan zagayayyun takardu masu faɗin milimita 6, kowace jiƙe da magani ɗaya, biyar ko shida a faranti, da tazara tsakaninsu. Takardar da ta taɓa aga ba a ɗaga ta a gyara, domin maganin ya riga ya fara tsatsafowa. Tsakanin damawa da shafawa, da tsakanin shafawa da ɗora takardu, da tsakanin wannan da sa wa a akwatin ɗumi, kowanne kada ya wuce minti 15. Akwatin kuma ya tsaya a digiri 35 na awa 16 zuwa 18. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan sharaɗi na ƙarshe shi kaɗai ya isa ya hana mutum barci, kuma ma'aikacin kirki yakan fara duba ma'aunin zafin akwatin da safe kafin ya dubi faranti ko ɗaya.

Safiya ta uku ake karatu. Farantin ya rufe da ƙwaya fari fat, sai dai kewaye da wasu takardun akwai da'ira wayam inda magani ya hana tsiro. Ta kifa farantin a kan baƙin abu, ta ɗora rula a bayansa, ta auna faɗin kowace da'ira ta tsakiyar takardar. Faɗin shi ne hukunci, kuma kowane magani da nasa iyakar. Ga E. coli da siprofuloksasin, a ƙa'idar da hukumar daidaita gwaje-gwaje ta Amurka ta sabunta a 2019, milimita 26 zuwa sama na nufin maganin zai ci, 21 zuwa ƙasa ba zai ci ba. Kafin 2019 milimita 21 ta isa a ce zai ci. Wanda bai bi sauyin ba zai ci gaba da rubuta wa likita cewa magani na aiki alhali ya daina.

Kowa zai iya koyon riƙe rula. Abin da ke bambanta gwani shi ne kallon farantin gaba ɗaya. Idan ƙwaya ta tsiro har jikin takardar ampisilin amma sauran da'irori suna nan da faɗinsu, wannan aikin sinadari mai karya magani ne, magani ɗaya ko dangi ɗaya ya shafa. Idan kuwa da'irar tetirasaikilin ta ɗan tsuke, ta kuloramfenikol ta ɗan tsuke, ta Cipro ma haka, magungunan da ba dangin iya ba na baba duk sun ja baya tare, to hankalinta zai tafi kan famfo. Amma ba za ta yi gaggawar faɗa ba, kuma nan ne nake jinjina wa wannan sana'a. Agar da ta yi kauri tana tsuke dukkan da'irori. Damun da ya yi yawa ma haka. Takardun da suka sha zafi da laima a ajiya haka. Don haka hannunta take fara tuhuma. Tana da wata E. coli ta musamman mai lamba ATCC 25922, wadda ɗakunan gwaji na duniya ke ajiyewa domin an san faɗin da'irar da kowane magani ke yi mata. Za ta shuka ta da aga ɗaya, da takardu ɗaya, a akwati ɗaya. In da'irorin wannan sun fito daidai, laifin na ƙwayar marar lafiya ne. In su ma sun tsuke, sai ta zubar da aikin jiya duka ta sake daga farko, ba wanda ya gani, ba wanda zai yaba mata.

Tabbatar da famfon kansa aikin ɗakunan bincike ne na jami'a, kuma a can ma da rini ake kama shi. Akwai wani rini, etidiyom buromaid, da ke haske ruwan goro a ƙarƙashin fitilar ultarabayolet idan ya taru cikin ƙwaya. Masu bincike a Lisbon ta Fotugal sun tsara hanya mai sauƙin kuɗi: a zuba rinin a farantai, kowanne ya fi na baya yawa, a ja ƙwayoyi daban-daban daga tsakiya zuwa gefe, a kwana, a haska. Ƙwaya mai raunin famfo tun a farantin farko take ƙyalli. Mai ƙarfin famfo tana nan duhu har sai rinin ya fi ƙarfinta. Hanya ta biyu ita ce a toshe famfon da wani sinadari a sake auna maganin. In adadin da ake bukata don hana ta tsiro ya ragu ninki huɗu ko fiye, famfon ne ke tsare ta. Olga Lomovskaya da abokan aikinta a Kalifoniya sun bayyana irin wannan sinadari a 2001, aka yi ta murna za a haɗa shi da tsofaffin magunguna a farfaɗo da su, sai dai illar da danginsa ke yi wa jiki ta hana a ba mutane. Wasu itatuwa ma suna yin nasu: a 2000 an gano wani tsiro na Amurka da ke haɗa guba mai kashe ƙwaya tare da abin toshe mata famfo. Ɗaliban jami'o'inmu a Kano da Zariya sun daɗe suna gwada ruwan ganye da saiwa a kan ƙwayoyin cuta, kuma ina ganin ya kamata a ƙara yawan gwada su haɗe da maganin asibiti, domin ganyen da bai kashe ƙwaya shi kaɗai ba yana iya zama mai toshe famfo.

Famfo shi kaɗai sau da yawa ƙaramar kariya yake bayarwa, cikakken magani na iya rinjayarsa. Haɗarinsa shi ne lokacin da yake saya wa ƙwayar. Wanda ya sayi kafso huɗu don kuɗinsa iya nan suka kai, ko ya daina sha ranar da ya ji sauƙi, ya zuba maganin da ya isa ya kashe masu rauni amma bai isa ya cika mai famfo ba. Ita kuma tana nan da rai har ta samu wani sauyin da zai sa maganin ya daina taɓa ta sam. Haka abin yake a garke da akurki, inda ake zuba wa kaji garin tetirasaikilin a ruwan sha, ake yi wa shanu allurarsa da ƙiyasi, kashinsu kuma ya tafi gona da rafi. Mujallar Lancet ta buga a 2022 cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki, da kimanin mutum 27 a cikin kowane 100,000. Wani bincike da Jami'ar Kadif ta jagoranta a ƙasashe bakwai daga 2015 zuwa 2017, wanda Asibitin Murtala na Kano ke cikinsa, ya shuka jinin jarirai masu tsananin ciwo, ya tarar mafi yawan ƙwayoyin dangin na hanji ampisilin ba ya taɓa su, da yawa kuma har jentamaisin, alhali su biyun ne ake fara bai wa jariri. Duk waɗannan alƙaluma daga kan teburin 'yan leb suka fito, faranti bayan faranti.

Taifot ce ta fi damuna. A garuruwanmu da an ce zazzaɓi ya daɗe sai a yi gwajin Widal a ce taifot ce, a rubuta magani. Wannan gwaji na 1896 martanin jini yake aunawa, ba ya kama ƙwayar, don haka ba zai taɓa faɗin maganin da zai ci ta ba. Sai an shuka ƙwayar, galibi daga jini, ake sanin haka, aikin kuma yana ɗaukar kwanaki. A 2016 wata taifot ta ɓulla a Haidarabad ta lardin Sindh a Pakistan, wadda a cikin magungunan haɗiya azitiromaisin kaɗai ya rage mata. A 2019 kuma Senjuti Saha da abokan aikinta a Dhaka ta Bangaladash suka ba da rahoton ƙwayoyin taifot da azitiromaisin ɗin ma ya daina ci. Da suka bi diddigi sai suka tarar canji ɗaya tak ne, a gurbi na 717 na furotin ɗin AcrB, ya sa famfon ya ƙware wajen fitar da shi. Daga baya an ga irin wannan canji a Pakistan da Nepal da Indiya. Mutanenmu suna zuwa wasu daga cikin waɗannan ƙasashe neman magani da karatu da fatauci, suna kuma haɗuwa da mutanensu a aikin Hajji. Idan irin wannan ƙwaya ta iso Kano, wanda zai fara ganinta ma'aikacin leb ne da rula a hannu, ranar da da'irar takardar azitiromaisin ta gaza milimita 13. Gefen wannan da'ira yakan yi dishi-dishi, yana da wuyar aunawa, sai an karkata farantin an sake dubawa. Kuma ba zai sami abin aunawa ba sai an ɗebi jinin yaron tun kafin a fara ba shi maganin kemis, domin kafso biyu ko uku sun isa su hana ƙwayar tsirowa a kwalba alhali tana nan a jikinsa.